Harafin da Ya Raba Gandun Baballe

Duk wanda ya zauna a Tudun Faru, ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, a shekarun da ruwan Tiga ya fara ratsa gonakinmu, ya san Baballe. In ma ya manta fuskarsa, ba zai manta kallonsa ba, kallon nan na gefen ido da yake yi wa mutum kamar ka ɓoye wani abu a bayanka. Ni Hambali maƙwabcinsa ne a gida, maƙwabcinsa a gona, daga kanal ɗaya muke jan ruwa, saboda haka in na ce na san shi ba cika baki na yi ba. Dogo ne siriri, ga ƙwazon aiki, kuma ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya, bai yarda akwai maganar da ba a ɓoye wata a cikinta ba. In ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya koma gida ya duba akuyarsa. In ka gaishe shi a taƙaice, sai ya wuni yana lissafin wanda ya kai maka gulmarsa.

Ba haka ya taso ba, don tare muka yi ƙuruciya. Katafila ce ta mai da shi haka. Lokacin da aikin ruwa ya iso, aka ce kowa ya ɗauke hannu daga gonarsa na ɗan lokaci, za a baje ƙasa. Aka kuwa baje. Gambar da kakanninmu suka shuka a kan iyaka, da ɗorawar da mahaifin Baballe yake rataya garmarsa, da surin da kowa ya san a nan gonar wane ta ƙare, duk aka share. Da aka dawo mana da gonakin, an rage wa kowa wani abu saboda hanyar ruwa da hanyar mota, aka kafa turakun siminti masu lamba, aka ce ga taka, ga taka. Ba wanda zai dafa Alƙur'ani ya ce ƙasar da aka ba shi ita ce ta ubansa. Mu muka yi gunaguni muka haƙura, musamman da muka ga tumatir yana nuna a tsakiyar rani. Baballe ya karɓi tasa, ya noma, ya ma fi mu samu, amma bai haƙura ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, duk abin da aka yi mana, sai da aka fara faɗarsa da Turanci.

Daga nan ya ɗauki sana'ar da ta yi masa suna, wato fasa kalmomin Turanci yadda ake fasa goro a ga ko da tsutsa. Bai yi boko ba, allo ya yi, amma kunnensa ba ya sakin sauti. A ganinsa Turanci Hausa ce aka dunƙule don kada talaka ya gane, in ka yanka ta a gaɓar da ta dace sai gaskiya ta zubo. Injiniya, a cewarsa, "in ji ni" ne, shi ya sa ba ka taɓa jin injiniya ya ce in ji wani ba. Irigeshin da suke kiran aikin ruwan kuwa "iri ga shi" ne, alkawari aka yi tun a cikin suna, kuma iri ba ya zuwa sai lokacin shuka ya wuce. Takin zamani da malaman gona ke ce wa fatilaiza, ya ce ai sun gaya mana da bakinsu, fatali za a yi da mu. Mukan yi dariya har da riƙe ciki a dandalin bakin masallaci bayan la'asar. Shi ba ya dariya. Abin da ya ɓata lamarin, wani lokacin yakan dace. Shekarar da ya hana mu sayen takin wani baƙon ɗan kasuwa, waɗanda suka ƙi jin maganarsa sun tarar rabin buhun yashi ne. Tun daga ranar, in Baballe ya yanka kalma ana dariya, amma ana kuma kasa kunne.

Ƙaninsa Yusufu, uwa ɗaya uba ɗaya, akasinsa ne a komai. Gajere ne mai yawan murmushi, in ka ce masa ruwan kanal ya juya yana komawa Tiga, sai ya ce ikon Allah. Gandu ɗaya suke yi tun rasuwar mahaifinsu, gona ɗaya, rumbu ɗaya, matansu Saude da Rabi'atu suna karɓa-karɓar girki a tukunya ɗaya. Baballe ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya yi masa aure, kuma in akwai mutum a duniyar nan da Baballe yake kallo da cikakken ido, to Yusufu ne. Shi kuma Yusufu bai taɓa kama sunan wansa ba, ko a bayan idonsa. Kullum Yaya ya ce, Yaya ya hana. Laifinsa ɗaya, in laifi ne, yana son sabon abu. Shi ya fara iya jan ruwa da tiyo, ka toshe bakinsa da tafin hannu ka girgiza har ruwa ya haura gaɓar kanal da kansa ya zubo gona. Shi ya yarda malamin gona ya gwada alkama a gefen gonarsu. Saboda haka babur ɗin malamin gona ya saba tsayawa a ƙofar gidansu.

A ranin da ya biyo bayan daminar nan da ta yi gardama, ba a jima da soja suka karɓi mulki ba, masu kuɗin birni suka fara leƙo mu suna neman gonakin bakin ruwa. Surutu ya yi yawa, sai aka aiko ma'aikata su yi bayani a ƙofar gidan dagaci. Babbansu wani mai tabarau ne, aka ce masanin shari'a ne, ba ya jin Hausa, ya zo da tafintansa, wani saurayi da gumi ya hana sakat. Isiyaku mai albasa ya miƙe ya yi tambayar da ke bakin kowa: mutum yana da ikon sayar da gonarsa ko ba shi da shi? Mai tabarau ya zuba Turanci mai tsawo, yana ta maimaita wata kalma, kuma duk lokacin da ya faɗe ta sai ya miƙa hannu wajen gabas. A gabas ɗin akwai darbejiya, Yusufu kuma yana tsaye jingine da ita.

Tafinta ya yi ta fassara tiryan-tiryan har ya iso kalmar. Sai ya tsaya, ya share gumi, ya sake tambayar ubangidansa, sannan ya juyo ya ce, "Ya ce abin da ke kan gonakin nan, yusufurukut ne." Ya wuce abinsa. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani, don ba wanda yake so a ce shi ne bai gane ba.

Baballe yana zaune kusa da ni, na ga bakinsa yana motsi. A hanyar gida ya riƙe mini hannun riga.

"Hambali, ka ji abin da na ji?"

Na ce na ji Turanci.

"Ba Turanci ba ne. Suna ne da aiki. Yusuf. Riƙo. Ya faɗa ya nuna shi da hannu, ya sake faɗa ya sake nunawa."

Kowa a wajenmu ya san riƙo. In mutum zai yi doguwar tafiya, ko ya rasu ya bar yara ƙanana, sai a damƙa gonarsa hannun wani ɗan'uwa ya riƙe, yana nomawa yana ci, har mai ita ya dawo ko yara su girma. Kowa kuma ya san wani riƙon ba ya dawowa. Abin da Baballe ya fitar daga kalmar shi ne, hukuma ta damƙa gonakinmu gaba ɗaya hannun Yusufu, tasu ta gandu a kan gaba, an kuma faɗa mana a fuska da yaren da ba za mu iya musawa ba. Na tambaye shi Yusufu nawa ne a ƙasar Kano. Ya tambaye ni nawa ne daga cikinsu babur ke tsayawa a ƙofar gidansu. Na fara dariya yadda na saba, da na dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya, don ba fushi na gani ba, tsoro ne.

Bai yi shela ba. Ya dai gaya wa Isiyaku, wanda gaya masa magana da bai wa sanƙira duk ɗaya ne. Kafin kasuwar Kura ta zagayo, babu zauren da maganar ba ta kwana ba. Daga nan duk abin da Yusufu ya yi ya zama shaida. Yana da ɗabi'ar bin gaɓar kanal da safe yana yaba shukar mutane, sai aka ce gonakinsa yake dubawa. Ya taya wata tsohuwa mai suna Tambaya gyara bakin kwamin ruwanta, aka ce ai dole ya kula da abinsa. Malamin gona ya ba shi irin alkama kafin kowa, aka ce to, an fara. In ya ce "gonarmu" sai a haɗa ido. In ya yi shiru, sai a ce ya san abin da ya taka. In ya iso dandali, hira takan mutu, wani ya tuna bai ba jakinsa ruwa ba, wani ya tuna ana nemansa a gida. Shi kuwa bawan Allah yana ta murmushi, yana zaton gajiyar aiki ce ta kama mutane.

Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don mutanen nan sun san Yusufu tun yana rarrafe. Na faɗa a dandali cewa wannan zancen banza ne, sai aka ce da ma gonata tana kusa da tasu, ta yiwu an yi mini alkawarin za a bar mini tawa. Haka zargi yake, in ka kawo ruwa don kashe shi sai ya sha ya ƙara ƙiba.

A cikin gida kuwa abin ya fi muni, don can ba a magana. Baballe ya daina cin tuwon ranar girkin Rabi'atu matar Yusufu, yana cewa cikinsa ne. Saude ta fitar da ƙaramar tukunya ta fara ɗora masa nasa daban. Wata safiya na iso gona na tarar da Baballe ya ja wata doguwar kunya, mai tsayi kamar gindin katanga, ta raba gonar gandu gida biyu daga bakin kanal har ƙarshe. Yusufu yana tsaye da tiyo a kafaɗa yana kallo. A daren jiya matarsa ta gaya masa abin da mata ke faɗa a bakin rijiya, kuma bai yarda ba sai da ya ga kunyar.

Ya durƙusa ya gaida wansa yadda ya saba, sannan ya ce, "Yaya, wallahi ni ban san kalmar nan ba."

Baballe bai ɗago ba. Ya ce, "Ita ta san ka."

Yusufu bai yi fushi ba, ya nemi mafita. Ya hau keke ya tafi Kura wajen Malam Abdussalam, ɗan limaminmu, wanda ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa kafin ya yi boko, yana kuma koyar da Turanci a wata makaranta a can. Malam ya faɗa masa gaskiya cewa shi ma bai taɓa jin kalmar ba. Sai da Malam ya je birni wajen wani abokinsa lauya aka rubuta masa ita, sannan ya dawo ya bi ta a ƙamus. Ya zaɓi safiyar da ake sakin ruwa, lokacin da kowa ke gona, ya zo da kansa har bakin kanal ɗinmu ya naɗe ƙafar wando. Mutane suka bar tiyonsu suka taru.

Ya sami karan dawa ya rubuta a kan taɓon gaɓa da manyan baƙaƙe: usufruct. Ya ce ga ta nan, kalma ce ta masu shari'a, ko Turawan ma ba kowa ya san ta ba. Ya ja layi biyu a tsaye ya raba ta gaɓa uku, u daban, su daban, fruct daban. Ya tafa hannu yana furtawa a hankali, yu, zu, frakt, ya ce a gaɓar farko ake danna murya. Ya ce mu lura, harafin fa ɗin nan ba ya tare da na gabansa, shi ne ƙofar gaɓar ƙarshe, in ka ɗauke shi daga can ka karya kalmar. Bakin Bahaushe ne ba ya son baƙaƙe a jere ba wasali a tsakani, shi ya sa tafinta ya cusa mata wasula har ta kumbura ta fito da sunan mutum. In aka faɗe ta yadda masu ita ke faɗa, babu Yusuf a ciki, babu riƙo. Ya ƙara da cewa harafin farko ma u ne, ba irin wanda ake fara rubuta Yusufu da shi ba.

Baballe ya saurara har ƙarshe da kansa a karkace. Ya ce to ai innarsu, Allah ya jiƙanta, Usufu take ce wa yaron tun ranar suna. Wasu suka yi dariya. Sai ya matso ya tsuguna a gaban rubutun, ya nuna layi na biyu da yatsa.

"Malam, wannan iyakar, wa ya sa ta a nan?"

Malam ya ce masu harshen.

"Masu harshen su ne masu katafila."

Ya karɓi karan daga hannun Malam, ya goge layin da babban yatsan ƙafarsa, ya sake jan shi a bayan harafin fa. Ya ce Malam ya karanta abin da ke gaban layin. Malam Abdussalam mutum ne da ba ya ƙarya, ya dubi taɓon ya ce in an yanka a nan, usuf zai ba da, amma ba a yankawa a nan.

Baballe ya miƙe ya ce, "Haka ake yi wa iyaka, Malam. Kaɗan ake matsar da ita."

Malam ya ga yankan gaɓa ba zai fisshe shi ba, sai ya koma kan ma'ana, kuma a nan ne jirgin ya nutse. Ya ce kalmar tana nufin ikon cin amfanin abin da ba mallakarka ba. A dokar yanzu, ƙasa tana hannun gwamnati, mu noma da girbi ne namu. Ya ɗauka wannan zai wanke Yusufu. Amma mutane ba su ji "gwamnati" ba, "ba mallakarka ba" suka ji. Baballe ya juya ya ce to kun ji daga bakin Malam, ba tamu ba ce, saura a gaya mana ta wace ce. Idanu suka koma kan Yusufu, wanda shi ne ya ɗauko Malam ɗin. Wani tiyo da aka bari a buɗe ya cika kwami ya malalo, ruwa ya bi ta kan rubutun ya shafe shi, ba wanda ya kula.

Bayan an yanke alkama, Yusufu ya je gaban dagaci ya nemi a kira liman da wansa. Ya ce zai koma Madobi wajen surukansa, sun ba shi aron gona. Rabonsa na gandu ba zai sayar ba, ba zai kuma nemi a raba ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a shaida, na bar wa Yaya riƙo." Ina wurin. Na ga Baballe yana jujjuya maganar a bakinsa yana neman inda aka ɗana tarkon. Bai ce kada ka tafi ba. Washegari a-kori-kura ta kwashe kayan Rabi'atu da yara da tiyon Yusufu, Saude ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka ba ta ɓoye ba.

Aka shiga jira. Baballe ya ce takarda za ta zo, za a ga Yusufu ya dawo da 'yan sanda da safiyo mai awon ƙasa. Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya zo. Ba takarda, ba safiyo. Kowa yana noma gonarsa, tumatir yana tafiya kudu a manyan motoci. A hankali mutane suka fara mantawa, mantuwa irin ta marasa kunya. Isiyaku da bakinsa ya ce mini shi da ma bai taɓa yarda da zancen ba. Baballe kaɗai ya rage a tsaye, don shi ba shi da inda zai ja da baya. In an tambaye shi sai ya ce masu dabara ba sa gaggawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya riƙe ɓangaren Yusufu. Ya fi kula da shi a kan nasa. Can yake fara sakin ruwa, can yake fara zuba taki. Amma ko ƙwaya bai ci ba, alhali mai riƙo yana da ikon ci. Ya gina ƙaramin rumbu daban yana zuba amfanin, ya ce ba za a wayi gari a ce ya ci ba. Saude ta yi mita har ta gaji, ƙwari suna cin hatsi suna ƙiba. Dandali kuma ya rage zuwa, in ya zo ba ya yanka kalma sai an matsa masa, kuma ko ya yanka ba ta da daɗin da.

Wajen ƙarshen shekarun nan, lokacin da aka hana shigo da alkama daga waje aka matsa mana mu noma tamu, masu kuɗin birni suka dawo da ƙarfinsu, aka sake aiko ma'aikata. Mai tabarau ne dai, furfura ta fara kama shi, amma da sabon tafinta, wani dattijo mai Hausa a baki. Aka zauna a ƙofar gidan dagaci kamar wancan karon, Baballe kusa da ni. Wani ya sake tambayar sayar da gona. Mai tabarau ya gyara tsayuwa, ya kama Turanci, ya iso kalmar, ya miƙa hannu wajen gabas.

A gindin darbejiya ba kowa sai jakin wani a ɗaure. Hannun bai damu ba, ya sake miƙewa can. Na ga Baballe ya bi hannun da ido, ya wuce jakin, ya wuce bishiyar, har ya kai inda yatsan yake nufi tun farko. Gonaki ne, alkama kore shar har iyakar gani. Tafinta ya ce, ƙasa ta gwamnati, amfani naku da 'ya'yanku, ba mai karɓewa matuƙar kuna nomawa. Mai tabarau ya sake faɗar kalmar, na ga yatsun Baballe suna bugun gwiwarsa tare da ita, sau uku, yadda Malam ya tafa.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hambali, gonaki yake nunawa."

Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, duk a lokaci ɗaya.

Da aka kwana biyu ya zo ya ce in raka shi Madobi. Abin takaici, Madobin nan ba wani nisa ba ne, in ka fita da keke da hantsi kafin azahar ka isa, amma a duk shekarun nan ba wanda ya taka zuwa wajen wani. Baballe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi goro, ya ƙi yarda a ɗaure masa a ganye sai da ya duba kowane ɗaya. Muka tarar da Yusufu a zauren surukansa yana ɗaure tiyon da ya tsage da roba. Ya ɗan rame, murmushin yana nan. Ya miƙe da sauri, ya karɓi kekunanmu, ya shimfiɗa tabarma, ya aika cikin gida a kawo ruwa da fura. Ya riƙe hannuna ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya ya miƙa wa wansa hannu a tsaye.

"Sannu da zuwa, Malam Baballe."

Aka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gona da ruwa da lafiyar Saude. Ba abin da Yusufu ya rage na karamci. Baballe ya ajiye goron, ya yi gyaran murya, ya kasa, ya sake yi. Ya ce ya ji kalmar nan daidai yanzu, ya raba ta yadda ake rabawa, kuma Yusufu ba ya cikinta. Yusufu ya ce ai tun ranar ba ya ciki. Baballe ya ce ya zo ne a yafe masa, gona tana nan, hatsinta yana nan a rumbu, kunyar nan kuma gobe zai rushe ta da hannunsa. Yusufu ya ce ya yafe tuntuni, duniya da lahira, kuma na rantse da gaske yake, don babu ɗaci a muryarsa. Amma ya ce yara sun saba da nan, sun shiga makarantar allo, ga gonar aro tana ba shi abin da ya ishe shi. Hatsin rumbu a ci, a ba mabuƙata.

"Riƙo ai ba shi da wa'adi. A ci gaba da riƙewa, Malam Baballe."

Ya yi mana rakiya har bakin titi, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya koma.

Muka kamo hanya ta gaɓar babban kanal, rana ta fara sanyi. Baballe yana gaba. Can na ga kekensa yana rage gudu har ya tsaya, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Na iso na tarar bakinsa yana motsi, yatsunsa suna bugun kan keken a hankali, ya tsaya, ya sake farawa daga wani wurin. Na gane abin da yake yi, sunan da Yusufu ya kira shi da shi yake fasawa. Na jira shi.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba da gefen ido ba.

"Na yanka shi a kowace gaɓa, Hambali. Babu Yaya a ciki."